Kalmomin jin kunya da rashin yarda da kai a Turanci

Abin da Hausa ta tara a kalma ɗaya, "kunya", Turanci ya rarraba shi ga kalmomi da dama, kowace da dalilinta. Galibinsu siffofi ne, kuma sun fi karkata ga kushe, ba kamar kunyar Bahaushe ba wadda ake ƙirgawa cikin kyawawan halaye.

"Shy" ita ce gama-gari: mutumin da ke takura a cikin baƙin fuska, ya noƙe, ya kasa sakewa. Ta fito daga tsohon Turanci "sceoh", mai saurin firgita, shi ya sa har yau ake amfani da ita wa doki idan ya razana ya yi gefe. Sunanta "shyness". Idan aka ce "shy away from", ana nufin kauce wa abu; amma "two shy of ten" lissafi ne, wato goma ba biyu.

"Timid" daga Latin "timere" take, jin tsoro, don haka ta fi kusa da matsoraci, mai shakkar ɗaukar mataki ko da ba kowa a wurin. "Bashful" kunyar da ake gani ce a fuska, irin ta yaron da ya ɓuya a bayan zanen uwarsa da aka gaishe shi, kuma akwai tausasawa a cikinta. "Coy" tana da tarko. Asalinta tsohon Faransanci "coi", shiru, amma yanzu noƙewa ce da gangan, jan aji, ko ƙin fito da amsa fili kamar ɗan siyasar da aka tambaya ko zai tsaya takara. "Sheepish" ta wanda aka kama ne da ɗan kuskure, yana sosa ƙeya yana murmushin yaƙe. "Tongue-tied" kuma wanda ya daburce, magana ta maƙale masa.

Ta fuskar rashin yarda da kai, "diffident" ce kalmar rubutu. Tushenta Latin "diffidere", rashin amincewa. Da can tana nufin zargin wasu, daga baya ta koma shakkar iyawar kai. "Insecure" ta fi ta nauyi, domin tana nuna damuwa mai zurfi game da darajar mutum, kuma mai ita yana iya zama mai surutu da cika baki. "Self-conscious" shi ne mai ganin kamar duk idanu na kansa, yana ta gyara hula yana duba bakin riga. Ana kuma bambanta "self-confidence", yarda cewa za ka iya wani aiki, da "self-esteem", ƙimar da kake ba kanka.

Akwai waɗanda ake cuɗawa da waɗannan alhali ba tsoro a cikinsu. "Reserved" mai kame kai ne, "reticent" mai riƙe magana. "Introvert", wadda masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya yayata a 1921, tana bayyana wanda kaɗaici ya fi masa daɗi. Yana iya yin jawabi gaban dubbai muryarsa ba ta rawa. "Social anxiety" kuwa, wato matsanancin tsoron cuɗanya da mutane, batun likita ne: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta na cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980 da sunan "social phobia".

Inda mai Hausa ya fi tuntuɓe shi ne fassara "ina jin kunya". "I am ashamed" na nufin ka aikata abin kunya, lamirinka na damunka. "I am embarrassed" ta ɗan lokaci ce, kamar ka kira baƙo da sunan wani. Ɗalibin da ya ce "I am ashamed to speak" a aji, malamin zai zaci wani laifi ya yi, alhali "shy" yake nufi. Haka "marar kunya" ba "not shy" ba ne, wanda yabo ne a Turanci. "Shameless" ko "rude" ce daidai. Kunyar surukai da ta ɗan fari kuwa ba ta da kalma ɗaya. Sai a kewaya da "modesty" ko "respect", a ƙara da bayanin al'adar.