Kalmar "news" ba daga kusurwoyin duniya huɗu ta fito ba

An daɗe ana faɗa, har a wasu azuzuwa, cewa kalmar "news", wato labarai, an haɗa ta ne daga haruffan farko na sunayen arewa, gabas, yamma da kudu a Turance, wai saboda labari daga ko'ina yake zuwa. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba shi da tushe. Kalmar jam'in "new" ce, wato sabo, kuma tun ƙarni na 14 ake amfani da ita a Ingila da ma'anar sababbin abubuwa, kamar yadda Faransawa ke cewa "nouvelles". A da ma "newes" ake yawan rubutawa, da haruffa biyar, wanda hakan kaɗai ya isa ya rushe lissafin.