Tsufan jar giyar inabi da lakar da take zubarwa

Jar giyar inabi ita ce wadda ake tsima ruwan baƙin inabi tare da ɓawonsa da ƙwayoyinsa, kuma daga nan take samun launinta da baurinta. Launin yana fitowa ne daga sinadarin antosayanin da ke cikin ɓawon, bauri kuwa daga sinadarin tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Waɗannan sinadarai biyu su ne jigon sauyin launi da bauri da giyar ke yi bayan an rufe ta a kwalba.

Sabuwar giya takan kasance ja mai duhu da ya karkata zuwa shunayya, tana kuma kama harshe sosai. Da shekaru suka ja, ƙwayoyin tanin da na launi sai su riƙa haɗuwa suna girma, har su yi nauyin da ruwan ba zai iya riƙe su ba, su kwanta a matsayin laka mai duhu. Saboda haka ne tsohuwar giya ke kodewa, ta koma launin jan bulo, daga bisani ruwan ƙasa, baurinta ya yi laushi, ƙamshin 'ya'yan itace ya ja baya, na fata da busasshen ganye ya bayyana. 'Yar iskar oksijin da ke ratsa toshiyar kwalba tana da hannu a wannan aiki, kuma tun a shekarun 1860 masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa iska kaɗan tana nunar da giya, mai yawa kuma tana lalata ta.

Akwai wata laka ta daban mai kama da ƙwayoyin gishiri, wadda ke fitowa daga tsamin inabin kansa idan giya ta sha sanyi. Duka biyun ba su nuna lalacewa, sai dai laka mai duhu tana da ɗaci da tsakuwa-tsakuwa a baki.

Ba kowace giya ce ke jure tsufa ba. Hasali ma mafi yawanta ana yin ta ne don a sha cikin 'yan shekaru, kuma masana'antu kan tace ta sosai kafin su zuba a kwalba. Masu daɗewa su ne masu yawan tanin da tsami, irin giyar inabin Cabernet Sauvignon ta yankin Bodo a Faransa da Barolo ta arewacin Italiya. Wadda ta fi shahara da laka ita ce giyar Port da aka yi da inabin kaka ɗaya daga kwarin Douro a Fotugal, domin ana zuba ta a kwalba bayan kimanin shekara 2 a ganga ba tare da tacewa ba, lakarta kuma takan manne a jikin gilashi kamar ɓawo.

Masu adana giya suna kwantar da kwalabe a wuri mai duhu da ɗan danshi, a sanyin kusan digiri 13 na Selshiyas, don kada toshiya ta bushe iska ta shiga da yawa. Zafi yana gaggauta tsufa ta hanyar da ke ɓata ɗanɗano. Kafin a buɗe tsohuwar kwalba, akan tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu lakar ta sauka gindi, sannan a tsiyaye giyar a hankali cikin tulun gilashi, ana haska wuyan kwalbar da kyandir, a dakata da zarar lakar ta iso kafaɗarta.