Waiwaye: Dokar Hana Babakere, Daga Matatun Rockefeller Zuwa Shagunan Manhaja

A watan Nuwamban 2010 Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe bincike kan zargin cewa Google na ɗora shafinsa na kwatanta farashin kaya a saman sakamakon bincike, yana danne na abokan gasarsa can ƙasa inda ba mai leƙawa. Sai 2017 aka ci shi tarar Yuro biliyan 2.42, kuma sai Satumban 2024 kotun ƙolin Tarayyar ta tabbatar da hukuncin. Shekara kusan 14 ke nan, kuma kafin a kai nan masu ziyartar shafukan da suka kai ƙorafi sun daɗe da watsewa. Wannan ihu bayan hari shi ne ya haifar da yawancin sauye-sauyen da ake gani yau a dokokin gasa.

Tushen abin yana Amurka. Wajen 1880 kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller ya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar. Hanyarsa sananniya ce: yana karɓar rangwamen sirri daga kamfanonin jirgin ƙasa, ya karya farashi a garin da abokin gasa yake har ya durƙusa, sannan ya saye shi. Majalisa ta amsa da Dokar Sherman a 1890, mai manyan sassa biyu. Na farko ya haramta haɗa baki don tauye ciniki, na biyu ya haramta kafa babakere. A 1911 Kotun Ƙoli ta raba Standard Oil gida 34. A 1914 aka ƙara Dokar Clayton, wadda ta shafi haɗewar kamfanoni, aka kuma kafa FTC, hukumar tarayya mai sa ido kan gasar kasuwanci. Turai ta sa nata a Yarjejeniyar Roma ta 1957, sassan da yau ake kira na 101 da 102. A duka ɓangarorin biyu girma kaɗai ba laifi ba ne. Abin da ake hukuntawa shi ne amfani da girman wajen toshe wa wasu hanya.

Daga ƙarshen shekarun 1970 tunanin ya juya. Masanan da ake dangantawa da Jami'ar Chicago, irin su Robert Bork, suka ce ma'auni ɗaya ya isa: shin mai saye ya cutu, farashi ya hau ko kaya sun yi ƙaranci? In amsar a'a ce, a bar kamfani ya yi girmansa. Kotunan Amurka suka rungumi wannan ra'ayi. An dai raba kamfanin tarho na AT&T a 1984, amma da alƙali ya ba da umarnin raba Microsoft a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001.

Ma'aunin farashi ya yi amfani, don ya hana alƙalai hukunta kamfani saboda kawai ya iya kasuwanci. Amma ya gaza da zuwan kamfanonin intanet. Wanda yake bincike a Google ko yake hira a Facebook ba ya biyan ko sisi, to ta ina za a nuna farashi ya hau? Ƙarfin irin waɗannan kamfanoni yana cikin tarin bayanan jama'a da kuma yawan masu amfani, domin kowa na zuwa inda mutane suka riga suka taru. Ga kuma matsalar sayen ƙananan kamfanoni. Da Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ma'aikatan Instagram 13 ne kuma ba shi da kuɗin shiga. Dokokin ƙasashe da yawa suna auna wajibcin sanar da hukuma ne da yawan cinikin shekara, saboda haka irin wannan saye yakan wuce ba tare da an yi masa kallon tsaf ba. Jamus da Ostiriya sun toshe wannan kafa a 2017, inda suka ƙara ma'aunin kuɗin sayen kansa: Yuro miliyan 400 a Jamus, miliyan 200 a Ostiriya.

Babban sauyin ya zo daga Turai da Dokar Kasuwannin Dijital, wadda ake kira DMA, da ta fara aiki a Nuwamban 2022. Maimakon a jira laifi a shafe shekaru ana shari'a, sai aka gindaya sharuɗɗa tun farko a kan kamfanonin da aka ayyana a matsayin masu riƙe da ƙofa, wato manyan dandalin da 'yan kasuwa ke bi ta kansu kafin su kai ga masu saye. Ana shiga wannan sahu idan cinikin shekara a Turai ya kai Yuro biliyan 7.5 shekara uku a jere, ko darajar kamfani ta kai biliyan 75, tare da masu amfani miliyan 45 a wata da 'yan kasuwa 10,000 a shekara. A Satumban 2023 aka ayyana shida: Alphabet (mai Google), Amazon, Apple, ByteDance (mai TikTok), Meta (mai Facebook) da Microsoft, daga baya aka ƙara Booking, shafin kama ɗakin otal. An hana su fifita kayansu a jerin sakamako, an hana su haɗa bayanan mutum daga manhajoji daban-daban ba da yardarsa ba, an kuma wajabta musu barin mai manhaja ya gaya wa abokin cinikinsa cewa akwai wata hanyar biya mai rahusa a waje. Tarar tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikin duniya baki ɗaya, kashi 20 ga wanda ya maimaita. A Afrilun 2025 aka ci Apple Yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200, shekara ɗaya da 'yan makonni bayan buɗe binciken. Wannan saurin shi ne ainihin abin da dokar ta kawo.

Amurka ta tsaya a kan tsohuwar dokarta da kotuna, sakamakon kuwa ya zo gauraye. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe babakeren bincike ba bisa ƙa'ida ba. A shari'ar aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne injin binciken da ke zuwa a saite a wayoyi da burauza. Amma a Satumban 2025 alƙalin ya ƙi tilasta masa sayar da burauzarsa ta Chrome, ya tsaya ga hana yarjejeniyoyin da ke sa a yi amfani da Google kaɗai da umarnin raba wasu bayanai da abokan gasa. A Nuwamban 2025 kuma FTC ta sha kaye a ƙarar da ta kai Meta kan sayen Instagram da WhatsApp, domin alƙali ya ga TikTok da YouTube sun riga sun shigo fagen. Shari'ar ta yi tsawon da kasuwar ta sauya kafin a gama. China ta fi su gaggawa: a Afrilun 2021 ta ci Alibaba, babban dandalin cinikin intanet, tarar yuwan biliyan 18.2 saboda tilasta wa masu sayar da kaya su zauna a dandalinsa kaɗai.

Kuskure ne matsakaicin kamfani ya ɗauka duk wannan rigimar manya ce. Abin da ya fi kama kamfanoni har gobe shi ne haɗa baki: ƙayyade farashi, raba kasuwa, ko shirya wanda zai ci kwangila. Ba sai an rubuta yarjejeniya ba. Manajoji biyu su gaya wa juna farashin da za su sa wata mai zuwa, a wajen taron ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta saƙon waya, ya isa hujja. Yawanci daga cikin gida asirin ke tonuwa, saboda tsarin sassauci: a Turai wanda ya fara kai kansa da hujja ana yafe masa tarar gaba ɗaya, na bayansa ya samu ragin kashi 30 zuwa 50. Haka aka kama masu ƙera manyan motocin dakon kaya da suka shafe shekara 14 suna daidaita farashi. A 2016 aka ci su Yuro biliyan 2.93, kamfanin MAN, ɗaya daga cikinsu da ya tona asirin, bai biya komai ba.

Hukumomi sun faɗaɗa wannan tsohon laifi zuwa sababbin wurare. A Agustan 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka kamfanin manhaja na RealPage a kotu, bisa zargin cewa masu gidajen haya na zuba bayanansu na sirri cikin manhajarsa, ita kuma ta ba kowa shawarar kuɗin hayar da zai sa. A Yunin 2025 Turai ta ci kamfanonin kai abinci gida na Delivery Hero da Glovo tarar Yuro miliyan 329, kuma cikin laifukansu har da alkawarin kada ɗaya ya ɗauki ma'aikatan ɗaya. Ke nan sashen ɗaukar ma'aikata da masu zaɓar wa kamfani manhajar farashi su ma suna buƙatar horo, ba 'yan sashen talla kaɗai ba.

Wurare biyu ne kuma ake yawan faɗawa cikin rashin sani. Na farko, fara tafiyar da kamfanin da aka saya kafin hukuma ta amince. A Amurka akwai jiran kwana 30 bayan sanarwa, a Turai kuma an ci kamfanin sadarwa na Altice tarar Yuro miliyan 124.5 a 2018 kan wannan gaggawa. Na biyu, ranar da masu bincike suka yi dirar ba-zata a ofis. A 2024 an ci IFF, kamfanin sinadaran turare da ɗanɗano, tarar Yuro miliyan 15.9 saboda wani babban ma'aikacinsa ya goge saƙonnin WhatsApp da ya yi da abokin gasa ana tsakar bincike. Tarar ta gogewar ce kaɗai, tun kafin a kai ga ainihin zargin da ya kawo masu binciken.