Binciken Numfashi a Asibiti

Binciken numfashi shi ne duba ƙirji da huhu da likita ko ma'aikacin lafiya ke yi domin gano abin da ke hana mutum shaƙar iska yadda ya kamata. Da tambaya ake somawa: yaushe tarin ya fara, akwai kaki, da jini a ciki, ana zufa da dare, ana ramewa? Ga babba a kan tambayi batun taba, hayaƙin itace a madafa da ƙurar wurin sana'a.

Daga nan sai kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa da sauraro. A kan yara, kallo ya fi sauran muhimmanci, domin jinjiri ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Ana ɗaga rigarsa yana kwance a cinyar uwarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. In yana kuka a jira, don kuka na ɓata lissafi. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa 11, sai 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Babba lafiyayye kuwa tsakanin 12 da 20 yake. Lotsawar ƙasan ƙirji yayin jan iska alamar ciwon limoniya ce, yaron da ya kasa kama nono kuma ba a kwana da shi a gida. Ƙarancin iskar oksijin ba ya nunawa sosai a baƙar fata, shi ya sa ake leƙa harshe da cikin leɓe.

Ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa dabara ce da likita Leopold Auenbrugger ya bayyana a 1761: huhu mai iska yana amo kamar ganga, wanda ya tara ruwa kuwa amonsa a dushe yake. Na'urar sauraron ƙirji likita René Laennec ne ya ƙirƙiro ta a Faransa a 1816, kuma da ita ake jin fitar siririn fito a ƙirjin mai asma.

Tarin da ya kai mako biyu ana yi masa gwajin kaki saboda tarin fuka, aikin da cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta Saye da ke Zariya ta daɗe tana yi. Wanda lamarinsa ya tsananta a kan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a ɗauki hoton ƙirji.