"Shaman" ba boka ba ne: ma'anar kalmar da ake ta kwaɓawa a labarai

Tun ranar 6 ga Janairun 2021, da aka ga wani mutum da hular gashi mai ƙaho, fuska duk fenti, cikin waɗanda suka kutsa majalisar dokokin Amurka, ana kiransa shaman, kalmar "shaman" ta kama bakin 'yan jarida. Ta sake tasowa a watan Agustan 2024, da Gimbiya Märtha Louise, 'yar sarkin Norway, ta auri Ba'amurken nan Durek Verrett, mai kiran kansa da wannan suna. Mai fassara zuwa Hausa yakan cafko abin da ya fi kusa da hannu, ya ce boka, wani ya ce matsafi. Duka biyun sun kauce hanya, kuma kaucewar ba ƙarama ba ce, domin tana ɓoye wa mai sauraro ainihin yadda aikin yake.

Kalmar ta mutanen Evenki ce, mafarauta kuma makiyayan barewar ƙanƙara a Saiberiya. Daga gare su ta shiga Rashanci, sannan wani Baholande, Nicolaes Witsen, ya kai ta Turai a littafinsa na 1692, har da zanen mutum mai ƙaho a kai yana riƙe da ganga. Sauran ƙabilun arewa kowa da sunan da yake kira: Sakha na Saiberiya suna cewa oyuun, mace kuma udagan, wasu ƙabilu masu harsunan dangin Turkanci suna cewa kam, Sami na arewacin Turai suna cewa noaidi. Turawa ne suka ɗauki sunan ƙabila guda suka yafa wa kowa. Kuma "man" ɗin ƙarshen kalmar ba shi da dangantaka da "namiji" na Ingilishi, mata ma suna wannan aiki.

Wadda ta fi tsefe yadda aikin ke gudana ita ce Anna-Leena Siikala, 'yar Finland, wadda aka haifa a 1943 ta rasu a 2016, farfesar nazarin adabin baka a Jami'ar Helsinki. A kundin digirinta na uku na 1978 ta tattara bayanan da matafiya da masu bincike suka rubuta kan zaman da suka gani da idonsu a Saiberiya, ta jera su mataki-mataki. Abin da ya fito fili shi ne zaman na jama'a ne. Ana yinsa galibi da dare, a cikin tanti, dangi sun kewaye wuta. Kafin a fara sai an gasa gangar a bakin wuta, don fatar da ta sha danshi ba ta amo. Gangar mai fuska ɗaya ce, fatar barewa a kan kewayen itace, da mariƙi ta baya. Shaman ya sa rigarsa mai rataye da ƙarafa, ya zauna ya fara kiɗa a hankali yana rera kiran iskokin da ke taimakonsa. Mataimakinsa yana amsawa, jama'a suna karɓa. Kiɗa ya yi ta ƙaruwa, ya miƙe yana rawa, yana kwaikwayon kukan tsuntsu ko gurnanin dabbar da ya ce ta iso. Daga nan sai tafiya: su a imaninsu kurwarsa ta fita, ta hau sama ko ta nutsa ƙasa, neman kurwar maras lafiya da ta ɓace, ko jin dalilin da farauta ta ƙi.

A nan ne aikin mataimaki yake da nauyi. Idan shaman ya yanke jiki ya faɗi, mataimaki ne ke ci gaba da waƙa ko kiɗa don a ja shi ya dawo. A wasu ƙabilun har igiya ake ɗinkawa a bayan rigar, ya riƙe ta kamar linzami. In jama'a suka yi sanyi da amshi, zaman ya lalace, domin amshin ne ke ɗaukar mai aikin har ya kai ga fita hayyaci. Shi kuma ko da ya fita, dole ya riƙe zaren labarin, ya faɗa wa mutane inda ya kai, wa ya tarar, me aka ce masa. Wanda ya birkice kawai bai kawo wa kowa komai ba, ba a lissafa shi gwani.

To ina wannan ina boka? Boka kai kake zuwa wurinsa, sau da yawa a ɓoye, ya duba maka, ya ba ka sassaƙe ko turare, ka biya ka tafi. Shaman na ƙabilarsa ne, a gabansu yake aiki, su ne suka amince da shi bayan ciwon da suke ɗauka kira ne daga iskoki, da koyo a hannun wanda ya riga shi. Shi ya sa a ganina mutumin da ya wayi gari ya laƙaba wa kansa sunan, yana sayar da zama ga masu kuɗi ta intanet, ba boka ba ne kuma ba shaman ba ne a ma'anar Evenki. Suna ya ara.

Wasu kan ce to ai ɗan bori ne. Wannan ya fi kusa, akwai kiɗa, akwai taro, akwai fita hayyaci. Amma dubi wa ke hawan wa. A bori mutum shi ne doki ko goɗiya, iska ce ke hawa, ita ke magana da bakinsa har ta sauka da atishawa. A wurin Sakha ganga ce dokin, mutum ne mahayi. Mircea Eliade, masanin tarihin addinai, a littafinsa na 1951, ya kafe a kan cewa tafiyar kurwa ita ce shaidar shaman na gaskiya, hawan iska kuma wani abu ne daban. Siikala ta nuna iyakar ba ta kai haka kaifi ba: a zama guda mutum na iya zama iskar gaba ɗaya, can ya koma yana hira da ita da murya biyu, can kuma ya koma mai ba da labarin abin da yake gani. Gwanintar a sauya matsayin take, ba tare da ragamar ta kuɓuce masa ba. Fahimtar wannan ba yarda da imaninsu ba ce, sanin abin da ake magana a kai ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne da Siikala ta juya kan ƙasarta a littafinta na 1992. A ƙauyukan Finland da Karelia, yankin iyakarta da Rasha, a da akwai wanda ake kira tietäjä, wato masani. Ba shi da ganga, ba ya faɗuwa. Makaminsa kalma ce. Yakan yi aiki a ɗakin wankan tururi, ya tayar da kansa cikin fushi, yana cizon haƙora yana buga ƙafa, sannan ya karanto asalin abin da ya jawo cutar. In gatari ya sari mutum, sai ya karanta wa ƙarfe tarihin haihuwarsa, yadda aka tono shi daga fadama aka kai shi maƙera, ya tuna masa rantsuwar da ya yi cewa ba zai cuci ɗan'uwansa ba. A tunaninsu wanda ya san asalin abu ya fi ƙarfinsa. Irin waɗannan baitoci na cikin abin da Elias Lönnrot ya tattara ya gina Kalevala, doguwar waƙar gargajiyar Finland, a 1835 da 1849. Siikala ba ta ce tietäjä shaman ba ne. Ta ce ya gaji hotunan tsohuwar duniyar, kogin ƙasar matattu, tafiya neman ilimi wurin mamaci, amma hanyar aikinsa ta sauya. Macen da ta ƙarar da rayuwarta a kan batun ta ƙi yafa sunan ga masanin ƙauyen ƙasarta, mu kuwa muna yafa shi ga duk mai hular ƙaho.

Shi tsohon mai gangar, sunansa a harshen Finland noita, ɗan'uwan noaidi na Sami. Bayan zuwan Kiristanci kalmar ta zame, yau in an ce noita a Helsinki mayya ake nufi, irin ta littafin yara mai hawan tsintsiya. Sami kuwa a ƙarni na 17 da na 18 aka ƙwace gangunansu, da yawa aka ƙone, waɗanda suka tsira ba su wuce saba'in da 'yan kai ba, mafi yawa a gidajen tarihi.