Masu renon yara a gida a Amurka, ga amsoshinku kan haraji

Da Afrilu ya gabato, wayata ba ta hutawa. 'Yan uwa mata na Bronx, ku karanta wannan kafin ku sake kira na.

Kuɗin hannu iyayen yara ke ba ni, shi ma sai na faɗa wa IRS, hukumar haraji ta Amurka?

Ƙwarai. A Schedule C ake rubuta shi, wato fom ɗin da mai sana'ar kansa ke bayyana abin da ya samu da abin da ya kashe. In ribarki ta kai dala 400, akwai kuma harajin mai sana'ar kansa, kashi 15.3 cikin ɗari.

Famfas da kayan wasa fa?

Ana cirewa daga kuɗin da za a yi wa haraji, in don yaran reno kika saya.

Abincin 'ya'yan cikina?

Haba Hajiya. A'a. Na yaran mutane kawai.

To kuɗin haya da wuta, alhali a gidan nake kwana?

Nan ne sai an natsu. Sauran masu sana'a a gida sai sun ware wurin da ba a yin komai a ciki sai sana'ar. Mai reno an ɗaga mata ƙafa, amma fa sai in tana da lasisi, ko ta nema, ko dokar jiharta ta yafe mata. Lissafi biyu ake haɗawa a fom 8829, fom ɗin cire kuɗin gidan da ake sana'a a ciki: na fili da na lokaci. A ce yara na amfani da kashi 80 na gidanki, falo da kicin da banɗaki. Kina reno awa 10 kullum, kwana 5 a mako, mako 50: awa 2,500 ke nan cikin 8,760 na shekara, wajen kashi 28.5. Ki ninka biyun, ki samu kusan kashi 23 na haya da wuta. Awannin goge tabon madara a kafet bayan an kwashe yara su ma kan shiga, muddin kin rubuta su a ranar, ban da sharar da dama za ki yi wa gidanki. In gidan naki ne, ba haya ba, lissafin ya ƙara rassa, ki nemi akanta.

Ban ajiye rasit ɗin cefane ba, na shiga uku?

Kwantar da hankalinki. Akwai ƙayyadadden kuɗin da IRS ta yarda a cire kan kowane karin kumallo da abincin rana, in kin rubuta sunan yaro da ranar da ya ci. Ba ki rubuta wannan ɗin ba ma? To yau ki sayi littafi. Ranar 15 ga Afrilu, wa'adin miƙa takardun haraji, ba ta jiran kowa.