Mene ne fitar gas daga beriliyam a tukunyar nukiliya?

Idan masu binciken makamashin haɗe ƙwayoyin zarra suna maganar fitar gas daga ƙarfen beriliyam, gas iri biyu suke nufi: hiliyam da tiritiyam. Ba daga waje suke shiga ƙarfen ba, a cikinsa ake haifarsu idan niyutiron, wato ɗaya daga cikin ƙananan ɓangarorin ƙwayar zarra, ya daɗe yana dukansa.

To me ya kai beriliyam wannan wuri? Tukunyar da ke haɗa diyuteriyam da tiritiyam, waɗanda nau'o'in haidurojin ne, dole ta samar wa kanta tiritiyam daga ƙarfen litiyam ta hanyar dukansa da niyutiron, kuma duk haɗuwa ɗaya niyutiron ɗaya tak take bayarwa. Wasu kuma ɓacewa suke yi a hanya, lissafi ba zai fita ba. Beriliyam ne ke cike giɓin: niyutiron mai ƙarfi ya bugi ƙwayarsa, sai ta tarwatse ta ba da niyutiron 2 da ƙwayar hiliyam 2. Shi ya sa ɗaya daga cikin tsare-tsaren DEMO, tukunyar samar da lantarki ta gwaji da Turai ke shirin ginawa, wanda cibiyar KIT ta Karlsruhe a Jamus ta daɗe tana aiki a kai, da farko ya tanadi ƙananan duwatsun beriliyam masu faɗin kusan milimita 1.

Hiliyam ba ya narkewa cikin ƙarfe. Taruwa yake yi ya zama ƙananan kumfa, ƙarfen ya kumbura kamar ƙullun da aka sa wa yisti, ya kuma yi rauni. Tiritiyam bai kai shi yawa ba ko kusa, amma shi ne abin tsoro, domin yana da tururin nukiliya, kuma sai bayan shekara 12.3 rabinsa ke gushewa. Yakan maƙale a jikin kumfan nan ya ƙi fita. A ganina nan matsalar take. Gas ɗin da ke fita a hankali ana iya kwashe shi. Wanda ya taru shekara da shekaru, ranar da zafi ya wuce kima kumfan suka haɗe suka buɗe hanya zuwa waje, a lokaci guda zai tuɗaɗo.

Don auna wannan, ana ajiye samfur a tukunyar gwaji, kamar yadda aka yi a gwajin HIDOBE a Petten ta ƙasar Holan, sannan a ɗumama shi sannu a hankali ana lura da zafin da kowane gas ke fita. Sakamakon irin wannan awo ne ya karkata hankalin masana ga gaurayen beriliyam da titaniyam, wanda ba ya kumbura sosai, kuma yake sakin tiritiyam tun zafi bai yi yawa ba.